Baƙon Ƙwaro a Rumbun Iri

Makon jiya surukata ta tarar da wasu ƙwari sun yi gida a ramukan bulon da ke bayan ɗakin girki, a gidan ɗana inda nake zaune yanzu a cikin Daura. Baƙaƙe ne masu siririn ƙugu, da ɗan ja a gindin fiffike. Ita ba ta san su ba, mijinta bai san su ba, maƙwabcin da aka kira ya leƙa daga nesa ya ce tunda ƙugunsu na rina ne, to rina ce. Ina zaure na jiyo maganar, na ce a dakata ina zuwa. Kafin in lalubo sanda in sa takalmi in zagaya, an riga an fesa musu magani. Na iske su a ƙasa suna juyi, tsakar gida ta ɗauki wari, surukata har ta ɗauko tsintsiya. Na sunkuya da ƙyar na ɗauki ɗaya na ɗora a tafin hannu. Ɗana ya ce, "Baba, ka san shi ne?" Na ce ban san sunansa ba, kuma gaskiya na faɗa. Abin da ban faɗa ba shi ne na taɓa ganinsa sau ɗaya ina saurayi, kuma ganin bai yi mini daɗi ba.

Ba laifin surukata nake gani ba. A gidan siminti ta tashi, kuma a gidan siminti duk abin da ya motsa a bango abokin gaba ne. Mu a ƙauyenmu, can gaba da Sandamu, gidan ƙasa ne da jinka da dangar kara, kuma ba mu kaɗai ne a cikinsa ba. Ƙadangare yana da bangonsa, tsattsewa tana da zaurenta, kiyashi yana da hanyarsa da ya saba bi zuwa rumbu. Idan hantsi ya yi, mata sun ajiye taɓare, maza sun fita, gidan yakan yi tsit har ka ji ɗigar ruwa daga gindin randa. A cikin wannan shirun ne zanzaro yake fara aikinsa, ka ji wata siririyar ƙara daga saman azara yana yaɓe, ya yi shiru ya fita ɗauko ƙasa, ya dawo ya ci gaba daga inda ya tsaya. Yanzu da hantsi abin da nake ji shi ne injin markaɗe da babura da janareto, sai rediyon maƙwabta da ba ya rabuwa da wa'azi tun da aka dawo da shari'a. Ban ƙi wa'azi ba, ina ma ƙaruwa da shi. Amma ko zanzaro ɗari suka shigo gidan nan da ƙasarsu, ba wanda zai ji shigowarsu.

Wadda ta koya mini sauraron waɗannan abubuwa kakata ce, mahaifiyar babana. Ban taɓa saninta tana gani ba, ciwon agana ne ya tafi da idanunta tun kafin a haife ni, kuma lokacin da na yi wayo gwiwoyi ma sun fara ƙin ta. Kullum tana ƙofar ɗakinta a kan tabarma, mazari a hannu tana kaɗi, kunnenta kuwa yana ko'ina a gidan. Da ƙara take rarrabe ƙwari, kamar yadda muke rarrabe mutane da fuska. Zanzaro, in ji ta, gwauro ne, shi kaɗai yake gininsa, ya jera ɗakunan ƙasa, ya cusa tsutsa a kowanne ya liƙe, kuma ba ya harbi sai an matse shi. Rina kuwa jama'a ce, gidanta a rataye yake kamar tsohuwar takarda, in ka taɓa ɗaya ka taɓa duka. Akwai zirnaƙo, baƙi wuluk mai farin gida a reshe, wanda jakinmu ma yake canja hanya saboda shi. Ga galla, 'yar ƙarama marar harbi, mai bin ido da gumi, wadda muke tono zumarta mai ɗan tsami a kogon bango. Ƙwaro zai wuce ta saman kanta, ba za ta ko ɗaga fuska ba, sai ta ce, "Wannan da kaya yake tafe, ka ji muryarsa ta yi nauyi." In ka duba, sai ka ga tsutsa ce koriya yake riƙe da ita.

Dokarta ɗaya ce a kanmu jikoki. Takan ce, "Kada ku kashe abin da ba ku san sunansa ba. Ku zo ku faɗa mini tukuna." In yaro ya yi hangum, wuya ya kumbura, ita ce za ta ce a ɓallo tsohon gidan zanzaro wanda mai shi ya riga ya fita, a jiƙa a shafa. In kuwa zanzaro ya yi gini a ɗakin mace mai ciki, ba mai taɓa shi sai ta sauka lafiya. Ɗana ya yi karatun boko da na Islamiyya, ya ce mini waɗannan camfi ne, malamai sun yi magana a kansu. Ban yi masa musu ba, don wasu daga ciki camfin ne. Sai dai a ƙarƙashin camfin akwai mutanen da suke zama su kalli abu kafin su yanke masa hukunci, kuma da aka share camfin sai aka haɗa har da zaman aka share.

Akwai wani gero da muke kira geron Kaka. Da shi ta zo gidan miji daga garin iyayenta can arewa, bayan Mai'adua, tun ba a san iyaka a wurin ba. Zangarniyarsa gajera ce mai gashi, tsuntsu ba ya iya sauka a kanta, kuma yana riga kowane gero nuna. A 'yar gayaunar da ke bayan gida kawai ake shuka shi. Maƙwabta ba sa son sa, matansu na cewa gashinsa yana sa ƙaiƙayi wajen sussuka, ga shi ba ya cika dami. Amma a tsakiyar damina, lokacin da babban rumbu ya koma sai ƙura, sauran gonaki ko kai ba su fitar ba, shi ne yake tsayar da hayaƙi a gidanmu. Da shi ake tumu na farko, da shi ake furar farko, har maƙwabtan da suka raina shi a aika musu. Saboda haka kafin rani ya raba, an cinye shi tas, ba ya saura sai iri. Irin kuwa Kaka da kanta take zaɓa da hannu, zangarniya bayan zangarniya, a ɗaure a sa a wani ɗan rumbun kara mai jinka da ke kusurwar gida. Ba a sa komai a cikinsa sai iri, kuma ba mai buɗe shi sai an yi ruwan shuka.

A wata bazara, ana saura kaɗan ruwa ya sauka, na fara tsayar da gemu ina jin kaina, sai na ga waɗannan baƙaƙen ƙwari suna shige da fice a jinkar rumbun iri. Na je na faɗa wa Kaka kamar yadda aka saba. Wasan jika da kaka ya sa take kira na maigidanta.

Ta ce, "To Maigida, wane iri ne ya sauka a gidanka ba sallama?"

Na ce, "Rina ce, Kaka. Baƙa ce mai jan hammata."

Ta ajiye mazari. "Ka ga gidanta a rataye?"

Na ce ban gani ba, cikin bakin kara suke shiga.

"Kowa da ƙofarsa, ko duk ƙofa ɗaya suke bi?"

Na ce ban lura ba.

"In sun dawo, me ke bakinsu? Ƙasa, ko ganye, ko tsutsa?"

Na ce ban tsaya dubawa ba.

Ta yi dariya ta ce, "Miji mai ido biyu, amma makauniya ta fi shi gani. Rina ba ta shiga kara. Wannan baƙo ne, ni ma ban san shi ba sai na ji shi. Gobe in rana ta yi zafi sun fito aiki, ka zo ka kama ni ka kai ni gindin rumbun in zauna. In masu ɗaukar tsutsa ne, ai gadi suka zo yi mana."

Maganar miji mai ido biyu ta tsaya mini a rai, ga shi a gaban ƙannena ta faɗa suna ta dariya. Kuma a lokacin ina da suna a ƙauye. Watanni kaɗan kafin nan ni na ƙone gidan rina da ya hana mutane zama a gindin tsamiyar masallaci, dattawa suka sa mini albarka, samari suka riƙa nuna ni. Yadda ake yi kowa ya sani: da sassafe, kafin rana ta ɗumama musu jiki, ka ɗaura busasshiyar ciyawa a bakin gora, ka kunna, ka kai wa gidan sau ɗaya ka janye. Na ga ƙasƙanci ne mutum kamar ni ya tsuguna yana kallon abin da ke bakin ƙwaro, da tsohuwa a gefe tana yi masa tambaya. Na ce a raina kafin rana ta yi zafi zan gama da su, in ya so in kai mata gawarsu ta shafa.

Da aka fito sallar asuba babana ya wuce sharar gona. Ni kuwa na dawo gida na ɗaura ciyawa a gora, na ɗebo garwashi a murhu. Abin da ban yi tunani ba, kuma yaro ɗan shekara bakwai zai iya tunawa, shi ne gidan rina na tsamiya a ɗanyen reshe yake, wannan kuwa a cikin jinkar da ta sha rana wata bakwai. Ban ma kai ga janye gorar ba wuta ta kama. Iskar bazara ta taso ta taya ta. Na yi ta duka da gorar, ina ƙara watsa ta. Mata suka fito da ƙwarya da tulu, maƙwabta suka tsallako danga, aka yi sa'a aka tare ta ba ta kai babban rumbu ba. Amma ɗan rumbun iri, kafin a ɗebo ruwa na biyu daga rijiya, ya zama toka. Ƙamshin gasasshen gero ya cika gidan, irin ƙamshin tumu da muke murna da shi kowace shekara.

Kaka ba ta tambayi kowa abin da ya faru ba, hancinta ya riga ya gaya mata. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Da na je na durƙusa a gabanta, abin da ta ce kawai shi ne, "Ka dai ji muryarsu kafin ka sa wutar?" Na ce ban ji ba. Ta ce, "Shi ke nan, sun zo sun tafi ba mu san ko su wane ne ba." Baba ya dawo daga gona ya tsaya a kan tokar ya daɗe. Na so ya ɗauki gorar ya karya ta a bayana, amma bai ko dube ni ba.

A wancan zamani iri ba abin kasuwa ba ne. Yau mutum zai hau babur ya je ya auno iri a leda, da hoton zangarniya a jiki, bai san gonar da ya fito ba, bai san hannun da ya zaɓe shi ba. Mu a wurinmu roƙon iri ake yi, kuma wanda ya ɓatar da nasa shi zai je roƙo, ya faɗi da bakinsa yadda aka yi ya rasa nasa. Mutum ɗaya ce aka sani ta taɓa fita da geron Kaka daga gidanmu, gwaggona, yayar Baba, da aka yi mata aure a wani ƙauye ta wajen Baure, Kaka ta ƙulla mata zangarniya uku a cikin kayanta. Kashegari na saɓa 'yar jaka na kama hanya a ƙasa, Kaka tana cewa in gaishe ta, in ce mata uwarta tana roƙon iri.

Na isa a rana ta biyu da la'asar, ƙafa duk ta yi bororo. Gwaggo ta ba ni ruwa da fura, ta bari na huta, sannan na sunkuyar da kai na faɗi abin da na yi tun daga gora har toka. Sai ta ce, "Ɗana, ka makara da shekaru. Shekarar da aka yi fari, yara na kuka, irin na daka na dama musu kunu. Ban taɓa iya faɗa wa Iya ba." Muka zauna mu biyu, kowa da kunyarsa. Da zan taho ta shiga rumbun mijinta ta fito mini da zangarniya biyar na wani gero, shi ma mai gashi, shi ma gajere, in ba ka ƙura ido ba sai ka rantse shi ne. Ta ce, "Wannan na mutanen nan ne, ba namu ba ne, amma ya fi ka koma hannu wofi. Ka faɗa mata gaskiya, da tawa da taka." Na ce to. A hanya na yi ta haɗa maganar ina warwarewa, har na hango kukar bakin ƙauyenmu ban samu yadda zan fara ba.

Na iske Baba zaune kusa da Kaka, hadari ya fara haɗuwa a gabas. Na zube zangarniyun a kan tabarma. Baba ya ce, "An samu?" Bakina ya riga zuciyata, na ce, "An samu. Gwaggo ta ce a gaishe ku." Kaka ta miƙa hannu ta ɗauki ɗaya. Ta shafa ta daga gindi zuwa kai, ta sake shafawa daga kai zuwa gindi. Ta murje 'yan ƙwayoyi a tafin hannu, ta sansana, ta sa ɗaya a baki ta tauna da sauran haƙoranta. Baba ya ce, "Iya, shi ne?" Ta juya fuska wajen da nake tsaye, kamar mai gani, sannan ta ce, "Namu ne. A shuka."

Aka yi ruwa bayan kwana uku, aka shuka shi a gayauna. Ya fito lafiya, ya yi kyau, sai dai lokacin da geron Kaka ya saba fitar da kai ya zo ya wuce, shi yana nan yana ganye. Babban rumbu ya ƙare kamar kullum, wannan karon ba abin da ya tare mu. Kwana goma sha wani abu muka yi a kan tafasa da rama da ɗan garin da dangi suka taimaka da shi, ƙannena suna kwana da kuka. Kullum da yamma Baba yakan je ya tsaya a bakin gayauna, ya kama zangarniya ya duba, ya saki. Manomi ne, ba yadda za a yi bai gane ba. Amma uwarsa ta ce namu ne, kuma shi ba mutumin da zai mayar wa uwarsa magana ba ne, ko a bayan idonta. Har ya koma ga Allah bai taɓa tayar mini da zancen ba, ni ma ban taɓa samun ƙarfin tayarwa ba.

Da aka yi furar farko, ni Kaka ta ce in kai mata. Ta sa ludayi ta sha sau biyu, ta ajiye. Ba kowa a kusa. Ta kama hannuna ta jawo ni ƙasa, ba ta kira ni Maigida ba, da sunana na yanka ta kira ni, abin da ba ta taɓa yi ba.

Ta ce, "Gwaggonka ma ta rasa nata ko?"

Na ce, "E, Kaka. Shekarar fari."

Ta gyaɗa kai. "Na rufa maka asiri a gaban ubanka, don na ga wutar da ke cinka ta isa. Geron nan ba shi da laifi, abinci ne, ku ci ku gode wa Allah. Amma abu ɗaya nake roƙonka. Geron ubana ya ƙare, a bar shi ya ƙare da sunansa. In ka haifi naka, kada ka ba su wannan ka ce nawa ne."

Na yi mata alkawari ina hawaye. Ba ta ga wata damina ba bayan wannan.

Gida ya ci gaba da kiran sa geron Kaka, don ba wanda ya san wani suna. Na ce zan gyara maganar in Baba ya kau, kada in tona abin da ya zaɓi ya binne. Da ya kau na ce sai yara sun yi hankali. Da suka yi hankali sai na ga yadda suke alfahari da shi, suna gaya wa abokansu cewa kakar babansu ce ta zo da shi daga arewa a cikin kayan aurenta, na ji ba zan iya ba. Ɗan nan nawa da nake zaune a gidansa ba ya noma, aikin ofis yake yi, amma duk shekara sai ya koma ƙauye ya sa an shuka gayaunar nan, ya hana a kawo irin leda kusa da ita. Bara ya kawo mini zangarniyar farko har ɗaki, ya durƙusa ya sa mini a hannu, ya ce, "Baba, ga amanar Kaka, ba mu bari ta ɓata ba." Na shafa ta daga gindi zuwa kai, na sa masa albarka, na ce Allah ya ba shi masu riƙe masa amana kamar yadda ya riƙe. Ya tashi yana murna, ni kuwa na kasa cin abinci ranar.

Ba na jin ina da wata damina mai yawa a gaba. Bakina ya ƙi faɗa shekara da shekaru, shi ya sa na ba hannu aikin. Ɗana, in takardar nan ta zo hannunka, ka ci gaba da shuka geron, yana da kyau, ya ciyar da ku. Amma na mutanen Baure ne. Na Kaka ni na ƙone shi.